Allurar Lahadi ta Mis Earline

Charmaine Battle ce ta yanke wa uwarta ƙafa. Likitan da ya riƙe zarton, shi aikinsa kawai ya yi. Mijinta kuma, Rabaran Cleophus Battle, wanda ke hawa mumbarin cocinmu kowace Lahadi yana share gumi da farin hankici, ya sani tun ƙafar tana da sauran rai, ya yi gum da bakinsa, ya kuma rufe na tsohuwar. Wanda ya ce sharri ne ya zo Tallow Creek, ya bi layin da ke bayan tsohon injin gurzar auduga, ya tambayi gidan Mis Earline Gathers, ya ɗaga bargon da ke kan cinyarta ya gani da idonsa.

Abin ya faro ne daga alheri, shi ya sa ya fi tayar da zuciya. Mis Earline ta daɗe da ciwon sukari. Ƙarfinta duk ya ƙare a kamfanin gyaran tarwada, a tsaye cikin ruwan sanyi tana feɗe kifi. Da kamfanin ya rufe, inshorar lafiya ta tafi tare da shi, shekarunta kuma ba su kai na wadda gwamnati ke ba tsofaffi ba. Ƙwayoyi masu araha take sha, har ranar da Dokta Whitlow, likitan ƙaramin asibitin gunduma, ya duba jininta ya ce ƙodarta ba za ta ƙara ɗaukar su ba.

"Allura za ki koma, Mis Gathers. Sau ɗaya a mako."

"Nawa take?"

Ya faɗa mata. Ta yi dariya har da dukan cinya.

"Dokta, rubuta mini akwatin gawa kawai, ya fi sauƙi."

Nas ɗin asibitin ce ta biyo ta har bakin ƙofa, ta ce kamfanin da ke yin allurar yana ba marasa hali kyauta, muddin likita ya sa hannu kuma aka tabbatar mutum ba shi da inshora. Charmaine ce ta cike takardun, don idon uwarta ya fara hazo. Aka amince. Maganin ba gida ake kawowa ba. Asibitin ake aika shi a kwali mai ƙanƙara, na 'yan watanni a lokaci guda, sai wani ya je ya karɓo. Mis Earline ba ta da mota. Charmaine tana da ita, doguwa fara, wadda coci ya saya wa gidan fasto.

Allurar kamar biro take, ana murɗa gindinta, a soka a fatar ciki. Hannun Mis Earline yana rawa, ba ta kuma ganin ƙananan lambobin, don haka Charmaine ke biyowa kowace Lahadi da safe kafin coci ta yi mata. Makonnin farko ta sha wuya. Tashin zuciya, gyatsa mai ɗaci, ko ƙamshin soyayyen kifi ba ta so. Amma ƙishirwar nan da ta addabe ta shekara da shekaru ta ɗauke ɗif. Ta fara barci har safiya. Ta koma gonarta ta bayan gida, ta shuka kuɓewa da tumatir. Maƙwabciyarta Ozella Crump, wadda suka feɗe kifi tare tun suna da haƙoransu duka, ta leƙo ta kan shinge ta ce:

"Ke yarinya, miji kika samu ne ba ki faɗa ba?"

"Miji? Allah ya raba ni da wani ciwon. Wannan ɗin ma da ƙyar na samu maganinsa."

Wata Lahadi tana ɗaura siket, Charmaine ta tsaya da allura a hannu tana kallonta.

"Mama, ba wannan siket ɗin ba ne kika ce ya daina shiga?"

"Shi ne. Yanzu sai na sa fil, in ba haka ba ya zube a gaban dattawan coci."

Charmaine ba ta yi dariya ba. Mace ce mai jiki tun tana yarinya, kuma matar fasto a wajenmu ba ta da wurin ɓuya: kujerar gaba take zama, hularta ake kallo, rigarta ake aunawa da ido, kowa na ce mata Uwargida a fuska yana taɓe baki a baya. Ta daɗe tana juya biron nan a hannu. Da ta gama yi wa uwar allura, sai ta buɗe firji, ta taɓa bangonsa.

"Firjin nan naki ya tsufa, Mama. Dubi, har ƙwai yake daskararwa. Nas ta ce in maganin ya daskare ya mutu. Bari in tafi da kwalin can gidana, in riƙa zuwa da shi."

"To, 'yar albarka. Yadda kika gani."

Daga ranar nan aka yi wata da watanni babu ɗigon magani da ya shiga jikin Mis Earline. Charmaine ba ta fasa zuwa ba, wannan shi ne abin ƙyamar. Tana zuwa cikin kwalliyar coci, ta goge cikin uwarta da auduga, ta ɗauko tsohon biron da ya ƙare, ta sa masa sabon tsinke, ta soka, ta ɗan jira, ta zare, ta ce, "Shi ke nan, Mama, an gama." Tsohuwar tana jin tsinin, ta ce na gode. Cikakken biron kuwa Charmaine ce ke soka wa kanta a cinya, don ta rage ƙiba.

Da tashin zuciyar ya daina, Mis Earline murna ta yi.

"Allurar ta daina wahalar da ni."

"Jikinki ne ya saba da ita."

Sai ƙishirwa ta dawo. Ta sha ruwa kofi guda, ta sha jug guda, maƙoshinta yana nan kamar an zuba masa gari. Ba ta isa ta zauna huɗuba ɗaya ba tare da ta fita banɗaki ba, wata rana ma ba ta kai ba, ta tsaya a bayan ƙofa tana wanke farin siket ɗinta da sabulun hannu. Hazon idonta ya ƙaru. Tafin ƙafarta ya riƙa zafi kamar ta taka garwashi, daga baya zafin ya mutu, ta daina jin ƙasa ma. Kuɓewar ta tsufa a jikin itacenta, ba mai tsinka. In ta ce a gwada mata jini, Charmaine ta tsaga yatsan, ta duba injin, ta kife shi.

"Ya ɗan hau kaɗan. Me kika ci jiya?"

"Ganye da wake. Burodin masara ko rabin yanka bai kai ba."

"Mama."

"Na rantse miki."

"Mama, kina rantsuwa ranar Lahadi."

Ita kuwa Uwargida sai narkewa take yi. Wuya ya fito, ƙugu ya fito, aka kai riguna wurin tela. A cocinmu kafin huɗuba akwai lokacin shaida, wanda Ubangiji ya yi wa abu ya miƙe ya faɗa. Charmaine ta miƙe cikin jar riga mai ɗamara, ta karɓi makirufo.

"Ikilisiya, ku ce amin."

"Amin!"

"Kun san ni. Kun san nauyin da na ɗauka shekara da shekaru. Na gwada shayi, na gwada tafiya, na gwada komai. Sai da na durƙusa na ce, ya Ubangiji, ni na gaza. Ya ce mini, 'yata, ki yi azumi. Na yi azumi, na bar nama, na bar zaƙi, ga shi ya sauke mini kaya! Ba likita, ba magani!"

Mai molo ya buga, mata suka miƙe suna kaɗa mafici. Rabaran ya ɗaga hankicinsa sama yana cewa, "Faɗa musu, Uwargida!" A kujerar iyaye mata, cikin fararen kaya, Mis Earline tana tafi tana hawaye, harshenta a bushe kamar fata, tana gode wa Allah da ya ji kukan 'yarta.

Bikin cikar Rabaran shekara a kan mumbari yana tafe, kuma Charmaine ta yanke cewa duk iyaye mata za su sa farin takalmi iri ɗaya. Na Mis Earline ya matse ta, amma ba ta ji ba, ƙafar ta riga ta daina kai rahoto. Ta gwada shi Lahadi guda. Ozella ce ta ga jini a safarta da suka dawo.

"Cire mu gani. Yesu! Earline, wannan ai rami ne a gefen babban yatsanki."

"Ba ya zafi."

"Shi ne abin tsoron, sakarya. Gobe a kai ki asibiti."

Charmaine ta kai ta, ta kuma shiga ɗakin likita tare da ita. Dokta Whitlow ya duba jinin, ya cire tabarau ya murza idonsa.

"Mis Gathers, ya fi yadda kika fara zuwa muni. Ana yin allurar kuwa?"

"Kowace Lahadi, Dokta. 'Yata ba ta taɓa fashi ba."

"Ko sau ɗaya," in ji Charmaine. Sai ta sassauta murya, irin ta wadda abin ya ishe ta. "Dokta, ni na gaji. Shayi mai sukari take haɗawa a ɓoye. Na sha kama kek ɗin dankali a ƙarƙashin gadonta. In na yi magana ta ce na raina ta."

"Charmaine! Yaushe?"

"Ka gani ko? Mantuwa ma ta fara."

Likitan mutum ne mai mutane da yawa a layi. Ya wanke gyambon, ya naɗe, ya rubuta maganin kashe ƙwayar cuta, sannan ya yi wa tsohuwar faɗa kamar yarinya. Ya ce akwai mutane da yawa da ke kukan neman allurar nan ba su samu ba, ita ta samu kyauta tana wasa da ita. Ya ce gyambo ba ya warkewa a jikin da sukari ya cika. Mis Earline ta sunkuyar da kai. A mota ta ce:

"Me ya sa kika ce masa haka?"

"Don ya ɗauki abin da muhimmanci. Ki bar ni in tuƙa, Mama."

Abin da ya fi cin ran Mis Earline shi ne ta fara zargin kanta. Ko tana tashi ta sha ba ta sani ba? Ta kwashe sukarin gidan ta ba Ozella. Ta daina cin burodin masara. Ta koma ruwa da dafaffen ganye, ƙafar kuwa sai kumbura take.

Ranar Asabar ɗin da zumuntar mata ta yi suyar kifi don tara kuɗin biki, an zaunar da ita a inuwa, ƙafar a kan bokiti, tana naɗe cokula a takarda. Sista Bernadine Shaw, shugabar mawaƙa, wadda ita ma kwanan nan rigunanta suka fara yi mata yawa, ta zo ta rungume ta, tana ƙamshin mai da albasa.

"Mama Earline, ban samu na yi miki godiya ba. Allah ya saka miki."

"Da me fa, 'yar nan?"

Bernadine ta duƙo ta yi ƙasa da murya. "Allurar mana. Uwargida ta ce tunda Ubangiji ya warkar da ke kin daina buƙata, kika ce a taimaka wa 'yan'uwa. Ni da Sista Faye muke raba ɗaya. Abin da take karɓa ma bai kai rabin na kanti ba, ta ce na ginin coci ne. Dubi hannuna, Mama, har agogo yana yawo."

Mis Earline ta dubi hannun. Hazo kawai ta gani, da walƙiyar agogo. Cokalin da ke hannunta ya faɗi cikin ciyawa.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ya yi kyau ƙwarai."

Ta samu 'yarta a kicin ɗin coci tana juya salak ɗin kabeji. Ta jingina da ƙofa, don ƙafar ba ta ɗaukar ta.

"Me kike soka mini ranar Lahadi?"

Charmaine ba ta juyo ba. "Wa ya faɗa miki wani abu?"

"Tambayarki nake. Me ke cikin biron?"

Cokalin ya tsaya. Da ta juyo, babu kunya a fuskarta, haushi ne.

"Ki rage murya, mutane na waje. Da farko rabi-rabi na yi niyya, Mama. Na ga kin samu sauƙi, na ce mako ɗaya ba zai kashe ki ba. Sisinki nawa a ciki? Kyauta ce. Kamfanin nan yana da kuɗin da zai sayi gundumar nan da mutanen cikinta. Wa ya cike takardun? Wa ke ƙona mai ya je ya karɓo? Ni ma na je wurin likita, inshorar Cleophus ta ce ba ta biyan maganin ƙiba. Ke kin samu a banza, ni da nake da rayuwa a gabana an hana ni."

"Ƙafata tana ruɓewa, Charmaine."

"Takalmi ne ya ji miki ciwo, zai warke. Kuma wa ya ɗura mini jikin nan tun farko? Ba ke ba ce? Man alade a komai, miya a komai, cinye kwanonki kafin ki tashi. Kin san yadda ake zama a kujerar gaba ana jin dariyar mata a ƙeya? Kin san tun yaushe rabon da mijina ya dube ni kafin bana?"

"Sai ki sayar wa Bernadine?"

"Ta gano ne. In ban ba ta ba, ta tona."

Rabaran ya shigo neman ƙanƙara, ya dubi fuskokinsu, ya mayar da ƙofa ya rufe a hankali. Bai tambayi me ya faru ba. A nan Mis Earline ta gane a firjin gidansa kwalin yake, kusa da madararsa, yana ganinsa kowace safiya.

"Mama Earline, zauna," ya ce, ya jawo mata kujera, ya durƙusa a gabanta da muryarsa ta jana'iza. "An yi kuskure. Na yi mata faɗa, ta yi kuka a gaban Ubangiji. Amma ki yi tunani. In maganar nan ta kai kunnen likita, dole ya sanar da kamfani. Su ba su san uwa da 'ya ba. Za su ce an sayar da maganin da aka ba ki da sunanki, su yanke ki har abada. Sayar da maganin likita kuma laifi ne na ɗauri. Kina so ki ga Charmaine cikin kayan fursuna? Jikokinki fa? Ikilisiyar nan da aka gina da gumin mijinki marigayi fa?"

"Cleophus, ƙafata."

"Za mu ɗora mata hannu mu yi addu'a. Sabon kwali yana zuwa ƙarshen wata, naki ne duka, na ɗauki alkawari. Wanda ke nan ya riga ya ƙare."

Mis Earline ta dube shi. 'Ya ɗaya ta haifa. Ta tashi ta koma inuwa ta ci gaba da naɗe cokula.

Ƙarshen wata ya zo, kwali ya zo. Ranar Lahadi Mis Earline ta ce a ba ta biron ta taɓa. Charmaine ta miƙa mata, ta ji shi da sanyi, da ɗan nauyi. Da aka yi allurar, ranar Mis Earline ta yi amai, ta yi godiya ga Allah da aman, don ta san maganin gaske ne. Lahadin da ta biyo baya, biron da aka zo da shi ɗumi gare shi, kamar ya kwana a jaka.

"Wannan ba shi ba ne."

"Shi ne, Mama. Kada ki fara."

"Ba sanyi."

"Na riƙe shi a hannu a mota. Saura mako biyu biki, an riga an yanka rigata. In na tsaya yanzu jikin dawowa zai yi, kowa ya ce shaidar ƙarya na bayar. Ki bar ni in wuce bikin nan kawai. Bayan shi, na rantse, ko kallonsa ba zan sake yi ba. Ɗaga rigarki."

Kuma ta ɗaga. Wannan ne wurin da ke hana ni cin abinci in na tuna. Tsohuwa ta san ba komai a ciki, 'yar ta san ta sani, amma ta ɗaga riga, aka goge da auduga, aka soka mata tsinke a banza, don kada a ce ba a yi ba.

Yatsan ya yi shuɗi, ya koma baƙi. Ruwa ya riƙa ratsa bandejin. Ranar komawa asibiti ta zo, Charmaine ta ce tana da gwajin riga a birni, a ɗaga zuwa bayan biki. Wari ya fara, irin na kwatar kamfanin kifi a tsakiyar bazara. Mis Earline ta daina barin Ozella ta shigo, ta taga take amsa mata, ta ce mura take yi. Ƙudaje suka gano ɗakin. Ta riƙa zuba ruwan wanke ƙasa mai ƙamshin lemo a tsumma tana ajiyewa kusa da gado.

Safiyar biki ta lallaɓa ta yi wanka a zaune, ta sa fararen kayanta da hula, ƙafa ɗaya a farin takalmi, ɗayar a cikin silifan marigayi. Zazzaɓi yana kaɗa ta. Charmaine ta shigo cikin riga ruwan zinariya, siririya kamar ba ita ba, ta tsaya turus a bakin ƙofa, ta kai hannu hanci.

"Mama, ba za ki iya zuwa a haka ba. Bishop zai zo. Kujerarku tana dab da tasa."

"Na yi wanka."

"Ba wanka ba ne. Ki kwanta ki huta, zan aiko miki da abinci." Ta zaro turare daga jaka, ta fesa a ɗakin, ta fesa a jikin rigarta inda ta ga kamar warin ya taɓa, ta fita. Ranar ko allurar ƙaryar ba ta tsaya yi ba.

Ozella ba ta ga ƙawarta a kujerar iyaye mata ba. Ta fita ana tsakiyar waƙa, ta zo ta buga ƙofa, ba amsa, ta sa kafaɗa. Ta same ta a ƙasa tsakanin gado da banɗaki, hular tana kanta, tana kiran sunan mijinta da ya mutu. Da ta yaye tsumman ƙafar sai da ta fita baranda ta amayar da karin kumallonta, sannan ta kira motar asibiti. Suna wucewa ta gaban coci ana jin tafi har titi. Lokacin ne Uwargida ke shigowa a hannun mijinta.

A babban asibiti sun ce ruɓar ta wuce idon sawu, ta fara shiga jini. Ƙasa da gwiwa suka yanke. Da ta farfaɗo, tana cikin magagin magani, ta riƙe hannun Ozella ta faɗa mata komai, tun daga firji har turare. Da hankalinta ya dawo sosai ta ce:

"Abin da na faɗa miki, zazzaɓi ne."

"Zazzaɓin uwar wa? Bernadine ma zazzaɓi take yi?"

"Ozella, 'yata ce."

"Ƙafar ma taki ce, ai."

Rabaran da matarsa sun zo da furanni da kati mai sa hannun ikilisiya. Charmaine ta yi kuka sosai a gaban nas-nas, har ɗaya ta kawo mata ruwa. Lahadin da ta biyo baya ya yi huɗuba a kan jiki haikalin Ubangiji ne. Bai kama suna ba, amma ya ce akwai iyayenmu da Allah ya buɗe musu ƙofa, magani ya zo musu har gida kyauta, suka zaɓi kofin shayi mai sukari a kan ƙafarsu. Mutane suka girgiza kai, suka ce a yi wa Mama Earline addu'a, taurin kai ne irin na tsufa. Aka zaga da faranti don saya mata keken guragu. Bernadine ta sa hannu a jaka ta bayar da yawa, idonta a ƙasa.

Mis Earline ba za ta kai ƙara ba. Ko yau ka tambaye ta, cewa za ta yi sukari ne ya ci ta. Ta zaɓi a kira ta tsohuwa mai kwaɗayi da a kira 'yarta ɓarauniya, kuma Charmaine da mijinta sun san haka, a kan haka suka jingina tun farko. Yanzu Ozella ce ke hayar mota ta karɓo kwalin, a firjinta yake kwana, ita ke yin allurar, sukarin kuma ya sauka tsaf. Maganin bai taɓa gazawa ba. Ƙafar ce ba ta tsirowa.

To ni ban haifi Charmaine ba, ba kuma na cin abinci a gidan fasto. Dattawan coci suna zama ranar Laraba, kuma zan je, ko sun yarda mace ta yi magana ko ba su yarda ba. Bernadine da Faye su zo su faɗi abin da suka saya da wanda ya sayar musu. Dokta Whitlow ya ji wa ya yi wa faɗa a banza. Cleophus Battle ya sauko daga mumbarin nan, ya faɗa wa mutanen da suka zuba kuɗi a faranti abin da ke cikin firjinsa. Charmaine kuma ta karɓi makirufon da ta yi shaida da shi, ta tsaya a wuri guda, a gaban mutanen da suka yi mata tafi, ta faɗi da bakinta abin da ta riƙa soka wa uwarta. In sun ƙi, ofishin mai gabatar da ƙara na gunduma yana buɗewa ranar Alhamis da safe, kuma na san hanya. Sai wani ya amsa maganar ƙafar nan.